Ƙas

Na taso gadi daga Tema da hantsi,
tirotiro ta zubar da ni a Nima, ƙafafun kamar na aro.
Rana ta riga ta hau kwanon ɗaki ta miƙe ƙafa.
Ba na neman komai a duniya
sai sanyi, da awa biyar babu mai sallama.

Na kunna. Esi ta yi gyaran murya,
ta ja numfashi, ta fara aiki,
minti uku,
sai ƙas.

Na ce dumso ne. Na leƙa tsakar gida:
fankar Maman Adiza na juyawa,
rediyon mai aski na zagin 'yan ƙwallo,
mita da sauran sidi arba'in a cikinta.
Wutar gari na nan lafiya. Tawa ce ta ƙi.

Fulogin nan ƙato ne, kamar sabulun wanki,
da maɓalli biyu a goshi,
ɗaya na gwaji, ɗaya na tashin matattu.
Na danna na biyun. Ta tashi. Ƙas.
Na sake. Ƙas.
Sau bakwai muna wannan gaisuwa,
ni ina rantsuwa, shi ko a jikinsa.

Na raba ta da firji da dutsen guga,
na ba ta bango ita kaɗai.
Na zare ragar gaba, ƙurar shekara biyu,
na wanke a bokiti har ruwan ya koma kunu.
Na cusa ɗan katako, na karkata ta waje
don ruwanta ya san hanya.
Na ba ta minti goma ta huce.
Ƙas.

Fuseini ya leƙo da buroshi a baki:
"Yanke shegen, ka sa na sidi goma.
Masu ƙera su ne da tsoro,
nawa shekara uku ke nan, ga ni tsaye."
Na ɗauko reza.
Barikisu ta ajiye ludayi, ta riƙe mini hannu.
Ba ta yi wa'azi ba. "Kira Munkaila," ta ce.

Bayan azahar ya iso, testa a bayan kunne.
Ko kallon injin bai yi ba.
Ya zare fulogi, ya bi waya da ɗan yatsa
a hankali, kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa,
daga bango, ta bayan labule,
har inda murfin taga ke datse ta kullum dare.
Nan ya tsaya.

Roba ta tsage. Tagulla ta fito tana ƙyalli,
ɗigon ruwa ya jiƙa ta,
tana shafar ƙarfen taga kamar mage.

"Wa ke taɓa ƙarfen nan?"

Ban ba shi amsa ba.
Rakiya ce, shekararta huɗu,
kowace safiya tana jan kujera ta hau,
ta kama shi hannu bibbiyu,
tana jiran in ɓullo daga lungun mai koko.

"Wannan," in ji Munkaila, yana ɗaga fulogin,
"lissafi kawai ya iya.
Wutar da ta fita, ita yake jira ta dawo.
In ya ga giɓi, sai ya ja ƙofa.
Ba a naɗe irin wannan da salatif.
Sabuwar waya da kanta, ɗari biyu da hamsin,
sai gobe in na shiga kasuwa."

Ban nemi ragi ba.
Na mayar da reza cikin gwangwani.

Ranar a kan tabarma na kwanta, ƙofa a buɗe,
gumi na bin haƙarƙarina,
rediyon mai aski bai gaji ba.
Rakiya ta zo da murfin kwali tana yi mini fifita,
sau biyar, sau shida,
barci ya kwashe ta kafin ni,
hannunta na dama a kan ƙirjina,
da ɗumi, da ɗanƙon alewa.